Kofin da Kaka Ya Sassaƙa wa Doudou

Mako uku Shufen ta yi tana koya wa 'yarta ɗaukar abin awon ƙirji irin na likita. Wurin ƙanwarta Liping, mai aikin jinya, ta aro shi. Kullum da hantsi sai ta zaunar da Doudou a gado, ta yi ta kaɗa mata shi har yarinyar ta miƙa hannu. In ta kama, a tafa mata, a sa mata guntun ayaba a baki.

Ranar Lahadi Doudou za ta cika shekara guda. Za a shimfiɗa jan ƙyalle a tsakar ɗaki, a jera kaya, a sake ta. Abin da ta fara ɗauka shi ne sana'arta, kuma a gidan su Gu, dangin mijin Shufen, ba a wasa da wannan magana. Shi mijin, Haoran, faifan yankan dutse ya ɗauka a tasa ranar. Yau shekara ashirin ke nan yana sunkuye a kan dutsen yu, dutse mai daraja da ake sassaƙa kayan ado da shi, a shagon ubansa, hannu cikin ruwa ko da ƙanƙara ake yi, yatsu duk sun tsattsage, tari kuwa tun bara bai sake shi ba.

Ranar Asabar tana rina ƙwai ja, surukinta, Tsoho Gu, ya shigo da wani abu a naɗe cikin alharini. Ya warware shi a kan teburi. Ɗan kofi ne, fari sumul kamar kitsen rago, bai fi rabin lemo ba. An sassaƙa masa ganyen bado ya naɗe shi daga ƙasa, kifi biyu na leƙowa ta ƙarƙashin ganyen, mariƙinsa kuwa ɗan dodon ruwa ne ya lanƙwasa baya ya ciji bakin kofin.

"Gobe a sa shi a ƙyalle," in ji tsohon.

"Baba, ba mun yi da ku ba za a sa kayan aiki ba?"

"Kayan aiki? Faifai kika gani ko zarto? Kofi ne."

"Na dutsen yu."

"To na me kike so, na roba? Wata biyar ina kansa."

Ta juya wajen mijinta. Haoran ya sosa ƙeya. "Maman Doudou, wasa ne fa. Al'ada ce kawai."

"Wasa? Buɗe min hannuwanka in ga wasan."

Bai buɗe ba. Ya cusa su a aljihu, ya yi tari, ya ce bari ya je shago ya duba inji. Haushi ya turnuƙe ta. A gidan nan in ana maganar dutse, sai ka ce ita kaɗai ce mai ido. Amma ba ta da yadda za ta yi ta hana kaka sa kyautarsa a gaban jikarsa. Abu ɗaya ta yi: da safe ita ta jera kayan da kanta. Abin awon ƙirji a gaba, daidai inda za a ajiye yarinyar. Littafi da alƙalami a gefe. Kofin kuwa can kusurwa ta ƙarshe, bayan ludayi.

Dangi suka cika ɗaki, aka ci doguwar taliya, aka raba jan ƙwai. Shufen ta sauke Doudou a bakin ƙyalle.

"Zo nan, likita!" in ji Liping tana tafi. "Ɗauki naki, kada ki ba uwarki kunya!"

Doudou ta dubi abin awon. Har ta ɗora hannu a kai. Sai yarinyar ta ɗaga kai, ta hango wani abu, ta taka igiyar abin awon da gwiwa ta wuce. Ta wuce littafi, ta ture ludayi, ta zura yatsu biyu cikin bayan dodon kamar wadda ta saba, ta kai kofin baki. Da ta ji ba komai a ciki, sai ta juya kai tsaye wajen kakanta, ta miƙa masa, ta ce, "A!"

Ɗaki ya kaure da shewa. Shufen ba ta yi dariya ba. Yarinya ba ta miƙa kofin da ba ta taɓa gani ba a zuba mata.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"In na tafi kasuwa na bar muku ita. Me kuke zuba mata?"

Tsohon ya gyara zama. "Ɗan ruwan dafaffen tuffa ne. Da zuma kaɗan."

"Zuma! Yarinyar da ba ta shekara ba!"

"Haba, jiya kawai na sa zumar. Kuma ke da kike faɗa, ayabar gidan nan ɓera ne ke cinye ta kullum da hantsi?"

Liping ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. Kunya ta kama Shufen. Ta fizge kofin daga hannun yarinyar, ta shafa bakinsa da yatsa tana neman inda zai yanka leɓe, don ta sami hujjar jefa shi a akwati. Ba ta samu ba. Ta bi ganyen, ta bi kifin, ta bi dodon. Ko'ina sumul.

Haoran ya leƙo ta kafaɗarta. "Baba, ina ƙahonsa? Ai na ga kun fitar masa da ƙaho da farata. Wannan kuma ya koma ɗan kyanwa."

"Na goge," in ji tsohon, bai dubi kowa ba. "Zai soke ta a dasashi."

Dodon da Tsoho Gu ke sassaƙawa da ƙahonsa aka san shi a duk unguwar masassaƙa. Shufen ta san haka, kuma abin ya ƙara mata haushi, don yanzu ko faɗan ba za ta iya yi yadda take so ba. Doudou kuwa ta buɗe baki tana tsala ihu, hannu a miƙe.

Shufen ta mayar mata da kofin.

"Ta sha ruwa da shi," ta ce. "Ruwa zalla. Amma ƙafarta ba za ta taka shagon nan ba, ko a goye, sai ranar da na ga kowa da ƙyallen tare ƙura a hanci."

Ta sunkuya ta ɗauki abin awon ƙirjin daga inda yarinyar ta tattake shi, ta kakkaɓe, ta danƙa wa Liping.

"Tunda ta ƙi ɗauka, ke ɗauka. Haoran, ɗaga rigarka ta duba tarin nan."

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane aka ba ka faifan ranar da ka cika shekara. Ɗaga."