Sulken da Ba Shi da Gwiwa

Sharhabilu mai gyaran jikin mota ne a bakin hanyar Doma, cikin garin Lafiya, kuma ba a raina hannunsa. Keke Napep ko ƙarƙashin tirela ta shiga, in ka kai masa zai buge ta ta miƙe sumul. Cutarsa ɗaya ce. Ƙato da shi har da gemu, amma katun ɗin Japan ya cinye masa kai, irin mai jarumai masu manyan idanu da gashi tsaitsaye. Da kallon ya daina isar sa, sai ya ƙirƙiro nasa jarumin ya raɗa masa suna Ƙarfemaru.

Kada Allah ya sa ka tambaye shi wane ne Ƙarfemaru, don ranar kai da abincin rana sai dai labari. Wai a cikin dutsen ƙarfe aka haife shi. Wai sarkin aljanun wuta ya tilasta wa ubansa durƙusawa a bainar jama'a kafin ya ƙone garin, shi ne yaron ya rantse gwiwarsa ba za ta taɓa ƙasa ba har abada. Takobinsa tsawa yake sha, sulkensa kuwa duk dukan da aka kai masa ƙara tauri yake yi. Kuma kafin ya kai sara sai ya ƙwala ihu ya faɗi sunan saran, kamar ɗan kamasho yana kiran Makurɗi a tasha, ko don maƙiyi ya samu sukunin kaucewa ne, oho.

Da ragowar gwangwanin keke Sharhabilu ya ƙera sulken, tun daga kai har idon sawu, ya kafa wa hular ƙahoni biyu na salansar babur. Maƙwabcin rumfarsa Msughter, wani ɗan ƙabilar Tibi mai walda, magidanci mai 'ya'ya amma ba ya wuce shiririta, shi ya haɗa masa. Da suka zo ƙafa, Msughter ya tambayi inda za a sa mahaɗin lanƙwasa gwiwa.

"Ba gwiwa," in ji Sharhabilu. "Ƙarfemaru ba ya durƙusawa."

"To in ya ji kashi fa?"

"Ba ya ji."

Haka aka yi ƙafafun miƙaƙƙu kamar bututun murhu. Da abin a gwangwani ya tsaya da sauƙi, amma halin jarumin ya ɗan shafi mai shi. Sharhabilu ya koma gaida manya a tsaye, hannu a aljihu, yana ɗaga musu gira. Labari kuwa ya kai garin Ashige, kunnen Malam Ya'akubu manomin doya, uban Sailuba, yarinyar da Sharhabilu yake so kamar ya mutu. Sailuba ta kira shi ta faɗa masa ba wasa a muryarta: gobe Baba zai kawo doya Lafiya, da la'asar zai biyo ta rumfarsa ya gan shi da idonsa, in bai gamsu ba maganar aure ta mutu.

La'asar aka ce. Don haka gogan ya ga safiya tasa ce, bari ya shiga sulke a ɗauke shi bidiyo. Ana cikin ɗaure masa sai sakatar baya ta ɓalle.

"Ba wahala, Shara," in ji Msughter. "In ɗiga maka walda kaɗan, in an gama mu yanke."

Mai walda duk abin da ya gani a buɗe so yake ya like shi. Ya cusa jiƙaƙƙen buhu tsakanin ƙarfe da fata, ya ɗiga a wuya, ya ɗiga a baya, ya ƙara a ƙugu don kada a ce aikinsa ba ya riƙo. Yana ajiye abin waldar aka ɗauke wuta. Janaretansa kuwa tun wancan watan yana wurin mai gyara.

Suna cikin zagin juna sai Msughter ya hango wani dattijo ya sauka daga keke, da sanda, yana karanta allon rumfa. Ashe doyar ta ƙare da wuri.

"Surukinka ne fa! Abeg kar ka motsa!"

Sharhabilu ya ƙame. Dattijon ya yi sallama ya tambayi mai wurin.

"Ya fita, Baba. Ya je sayen fenti."

"Wannan dodon fa?"

"Mutum-mutumi ne, Baba. Wani mai otel ne ya ba da aiki, zai sa a ƙofa."

Malam Ya'akubu ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa hular da sanda har sai da kunnen na ciki ya yi ƙara. Ya ce kuɗi dai ba su san inda ya kamata su je ba. Sannan ya cire hularsa ya rataya a ƙahon Ƙarfemaru, ya ja benci ya zauna a inuwarsa.

Ranar garin Lafiya ta watan Maris ba ta san jarumi ba. Gwangwani ya ɗau zafi, gumi ya riƙa gangara har cikin silifas. Wani ƙuda ya shiga ta ramin ido ya rasa hanyar fita. Amma duk wannan bai kai kunyar da ta rufe Sharhabilu ba. Ya yi ta addu'a a zuci tsohon ya gaji ya tafi, ya dawo wata rana ya same shi cikin kaftani.

Tsohon bai gaji ba, hira ma ya ɓarke da Msughter.

"An ce mini yaron nan gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Ni ba durƙuson ne ya dame ni ba, ni wane ne? Amma wanda ya kasa sunkuya wa tsoho, ranar da ya ɓata wa matarsa rai ba zai iya cewa ki yi haƙuri ba. Yarinyar nan tana goye uwarta ta rasu. Ni na yi mata kitso har ta girma, hannun nan na garma." Ya ɗaga hannun ya duba. "Ba zan ba da ita inda za ta yi kuka a tsaya a kanta ana kallo ba."

Msughter ya sunkuyar da kai yana wasa da guduma.

Tsohon ya ci gaba: "Motarmu tana lodi. In direba ya kira ban ga yaron ba, na ɗauka guduna ya yi. Ba zan sake dawowa ba."

A cikin gwangwani, maganar ta soki Sharhabilu inda bai zata ba. Ya tuna sau nawa ya ɓata wa Sailuba rai ya bar ta ita ta fara kira. Ya ji tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa rubuta wa Ƙarfemaru ba.

Wayar tsohon ta yi ƙara. Ya amsa, ya ce ga shi nan zuwa. Ya miƙe, ya zare hularsa daga ƙaho, ya yi wa Msughter sai an jima.

"Baba!"

Muryar ta fito daga cikin hular ƙarfe kamar daga rijiya. Malam Ya'akubu ya yi tsalle gefe yana a'uziyya, sanda a sama. Sharhabilu ya nemi durƙusawa, ƙarfe ya ce bai san zancen ba. Ya sake gwadawa, ko motsi. Hanya ɗaya ce ta rage zuwa ƙasa, kuma ya san za ta yi ciwo. Ya rufe ido ya saki jiki gaba.

Ƙarar da ta tashi sai ka ce iska ta yaye kwanon rufi. Ƙaho ɗaya ya yi cikin kwata, awakin mai shayi suka watse, masu babur suka taka birki suna leƙe. Ƙarfemaru, ɗan dutsen ƙarfe, yana kwance rub da ciki a cikin baƙin mai.

"Baba, ina kwana?" in ji shi daga ƙasa. "Ni ne Sharhabilu. An zo lafiya?"

Msughter ya fara bayanin walda da wuta, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallon tulin gwangwanin. Sannan ya dogara sanda, ya sauka a hankali, gwiwoyinsa suna ƙas-ƙas, har ya tsuguna daidai ramin idon.

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya, Baba."

"Hancinka jini yake yi."

"E, Baba."

"Wa ya ce ka faɗo haka?"

"Ba gwiwa ne a jiki. Ni na hana a sa. Ka yi haƙuri, Baba."

Kafaɗun tsohon suka fara rawa. Ya yi ƙoƙarin danne dariyar, ta fi ƙarfinsa, ya yi ta har da hawaye yana goge ido da hula.

"Ka turo magabatanka Ashige," ya ce da ya samu numfashi. "Amma su zo da kayan mutane."

Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, sai ya koma zaune daɓas a ƙasa kusa da surukinsa. Waya tana ta ƙara a aljihu. Msughter ya tsaya a kansu yana kallon wannan yana kallon wancan, ya rasa wa zai fara ɗagawa.

"Fara da ni, ɗana," in ji Malam Ya'akubu yana miƙa masa hannu. "Shi wannan bar shi tukuna ya ƙara jin ɗumin ƙasa, bai saba ba."