Murhun Tano

Falalu ya gama cusa bututun hayaƙi a bango, ya liƙe gefensa da laka, ya hura wuta. Murhun rabin tano ne, irin gangar ƙarfen nan, da mai walda ya yanka masa a kasuwar Gangara. Ɗakin kuwa tsohon ma'ajin gyaɗa ne da aka haƙa ƙasa, sai an sauka matakala, iska ba ta kai masa. Matarsa Zalika ta haifi bakwaini tun kafin a kai ta gida goyon ciki, ungozoma kuma ta ce sanyin bana kaɗai ya isa ya tafi da shi.

Da ɗaki ya yi ɗumi, surukarsa Inna Kulu ta sauko da mai jego da jariri. Falalu ya koma bakin matakala, yana jin kansa gwani.

Ba a jima ba ƙudaje suka fara zubowa daga rufi. Sai tsaka ta faɗo tim a kan tabarma, ta mimmiƙe.

"Ikon Allah," in ji Inna Kulu. "Murhun nan har maganin ƙwari gare shi."

Falalu ya leƙo, wani wari ya bugi hancinsa. Ya san warin nan. Shi ne ya cika gonar mahaifinsa shekarar da aka yi feshin fara, har awaki suka mutu. Bai taɓa tambayar abin da tanon ya ɗauka a da ba. Tsoro ya kama shi, ya ƙwala kira.

"Inna, ku fito! Ku fito da shi!"

Zalika ta miƙe, jiri ya mayar da ita, ta hau amai. Jaririn bai yi kuka ba. Ko da aka fito da shi rana bai yi ba.

A amalanken maƙwabci suka tafi asibiti, Falalu na gudu a gefe yana salati, ya kasa ko duban zanen da aka naɗe jaririn a ciki. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya kwantar da Zalika, ya sa mata ruwa, sannan ya daɗe da kunne a ƙirjin yaron.

"Yana lumfashi, amma ya yi sanyi ƙwarai. Kuran babu, ba lantarkin kunna na'urar ɗumi, uwar ba ta iya riƙe shi, tsohuwa kuma karkarwa take. Kai ne uban? Tuɓe riga, fata da fata za a ɗaura maka shi."

Ɗan fari ne. A gidansu uba ba ya ɗaukar ɗan fari, ko sunansa ba ya faɗa, balle a gaban suruka. Matan da ke layin awo duk suka zuba masa ido.

Inna Kulu ta kwance mayafinta, ta miƙa wa majo, ta juya fuskarta bango.

Falalu ya fara ɓalle maɓallai.