Hannun Maƙeri

Shekarar da soja suka koma bariki, Furera, matar ƙanena Sada, ta haihu da cikin wata shida. Ɗiya ce 'yar mitsitsiya kamar ɗan tsako. Aka sa ta cikin akwatin gilashi a asibiti, aka zura mata siririn tiyo ta baki, inji yana hura mata iska, don huhunta bai yi ƙwarin jan numfashi da kanshi ba. Uwar tana wani ɗaki ana ƙara mata jini. Duk haihuwar da ta yi a baya ba wadda ta zo da rai, wannan ce kaɗai ta motsa.

Bayan azahar aka ɗauke wuta, janareta kuma ba mai. Farar hula sun hau, alkawari ya cika rediyo, amma man janareta ya gagara. Abin haushi, wallahi.

Nas Asabe ita kaɗai ce da ɗaki cike da jarirai. Ta cire tiyon daga injin, ta haɗa shi da wata 'yar jakar roba, ta danƙa ma Sada.

"Malam, da yatsa biyu za ka riƙa matsawa. A hankali, kamar haka. Ina zuwa."

Sada maƙeri ne a Ƙofar Kwaya, tun tasowarshi yake zuga wuta. Da farko ya yi yadda aka ce. Can sai ya ga leɓen yarinyar ya yi toka-toka. Shi kuwa abin da hannunshi ya sani, in wuta za ta mutu sai a ƙara mata iska. Ya damƙe jakar da tafinshi duka, yana matsawa da sauri, gumi yana zubo mashi. Ina gefe ina ta salati.

Ƙirjin yarinyar ya kumbura ta gefe ɗaya, bai sake sauka ba.

Asabe ta dawo a guje. Ta dubi ƙirjin, ta dubi hannun Sada, nan take na gane abin da ya faru: ƙarfin iskar ya fasa ɗan huhun. Ta daɗe tana sauraron zuciyar, sannan ta zare jakar daga hannunshi. Ba ta yi faɗa ba.

"Sai haƙuri, Malam. Allah ya karɓi abarsa."

Sada ya juyo gare ni.

"Yaya, ƙarfina ne bai isa ba ko? Da na ƙara, da ta tashi?"

Asabe ta kau da kai. Na kama hannun rigarshi.

"Ka yi iyakar ƙoƙarinka," na ce. "Taso mu je, Furera tana jiran labari."