Ƙuri'ar Delfina Kafin Sha Biyu

Tun ƙarfe takwas Delfina Giardi take cikin layi a ƙofar makarantar Faetano, rigar amarya a jikinta, ta ɗora tsohon kwat ɗin babanta a kai. Lahadi ce ta watan Satumba na 1964, ranar da aka fara barin matan San Marino, 'yar ƙaramar ƙasar da Italiya ta kewaye, su zaɓi 'yan majalisa. Da sha biyu kuma Fada, limamin cocinsu, zai ɗaura mata aure da Ettore, wani magini ɗan Rimini.

Nan gizo ke saƙar. Daga kan dutsen San Marino ana hango Rimini a bakin teku, amma ƙasar Italiya ce, dokar San Marino kuwa ta ce duk macen da ta auri baƙo ta tashi daga zama 'yar ƙasa. Namiji ya auro daga ko'ina, ba mai ce masa uffan. Shi ya sa sau biyu tana ɗage bikin, har dangin ango suka fara ƙunƙuni. Yanzu ba sauran ɗagewa, don Ettore ya samu aiki a Suwizalan, jirgin ƙasan da za su hau da la'asar zai tashi.

Ta zaci sammako zai fisshe ta, ta manta da motocin jam'iyyu. Bas uku suka sauke 'yan ci-rani daga Genoa da Faransa, wasunsu rabonsu da garin shekara ashirin. Kowa ya shiga sai ya tsaya jin wanda ya mutu da wadda ta haihu. Delfina ta sauya ƙafa, ta leƙa, ta ƙirga kawuna, ta sake ƙirgawa. Haushi ya cika ta fal.

"Amarya, za ki haƙa rijiya da takalmin nan," in ji Gwaggo Tosca, ƙanwar babanta, daga bayanta.

"Gwaggo, dubi wancan. Ko sunan limaminmu bai sani ba, amma shi har ya mutu zai yi ta jefawa."

"Wa ya aike ki son ɗan bakin teku? Mazan dutse sun ƙare ne?"

Sha ɗaya da rabi ta gota sai ga Ettore, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Delfina, Mama ta ce in ba ki zo ba za ta koma gida da dangi duka. Ƙuri'a ɗaya me za ta canza?"

"Ba ta canza komai. Tawa ce dai."

Yana son ta, kuma ya san halin kayansa. Ya cire hula ya nufi mazan da ke gaba yana roƙonsu ɗaya bayan ɗaya, shi da ba shi da ƙuri'a a ƙasar. Wasu suka yi tsiya, "Ango, tun yau aka fara juya ka?" Amma suka matsa.

A teburi ta tarar da Malam Zonzini, wanda ya koya mata karatu a wannan ajin. Ya bi rajista da yatsa, ya karanta da ƙarfi kamar yadda yake yi wa kowa: "Giardi Delfina, 'yar ƙasa."

Ta karɓi takarda da fensir, ta shiga bayan labule. Ita da take ta sauri tun safe, sai ta tsaya. Ta ja alamar a hankali, ta naɗe takardar, ta fito ta tura ta cikin akwati, yatsunta suka daɗe a bakin tsagar.

Ƙararrawar coci ta fara bugawa. Ettore yana ƙofa yana yafuto ta.

"Yi maza, 'yata, ana jiranki," in ji Malam Zonzini.

Ba ta motsa ba. Ta nuna rajistar.

"Malam, sha biyun ba ta gama bugawa ba. Sake karanta min."