Hoton Matar Tsohon Direba

Shugaban laburarenmu, wanda muke kira Zamani a bayan idonsa, shi ya kawo shawarar a ɗauki hoton tsofaffin jaridunmu kaf a zuba a faifan kwamfuta. Wai takarda abincin gara ce, faifai kuwa sai dai mu mutu mu bar shi. Aka tafa masa, aka ɗauki hoton, aka kira mota ta kwashe jaridun, ba mu sake ganinsu ba.

Abin da Zamani bai faɗa mana ba shi ne, faifai ma baki gare shi. Yau a sayi na'urar sanyaya ɗaki, gobe a biya kuɗin manhajar da ke buɗe shi, jibi a sake kwafar waɗanda suka fara lalacewa. Kuɗin sababbin littattafai duk can suka zurare. An sayar da kare an sayi biri. Da abin ya ishe mu, aka daina biyan kuɗin manhajar, aka kulle faya-fayan a kabad, ni kuma aikina ya koma kakkaɓe musu ƙura.

Ran nan wani tsohon direba ya shigo, ya zauna a gaban teburina yana haki.

"'Yata, hoton matata nake nema. Jarida ta taɓa buga ta, ta ci gasar ɗinki, tana rungume da keken ɗinkinta tana ta washe baki. Ta rasu watan jiya, kuma ba mu da wani hoton nata."

Ya tuna shekarar har da watan. Na ciro faifan shekarar da murnata, na sa a kwamfuta. Ta yi gurnani, ta ce sai an sabunta manhaja. Na ruga ofishin Zamani.

"An sa a kasafin baɗi," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. Haka ya ce bara.

Na dawo kunya kamar ta kashe ni, na miƙa wa tsohon faifan, don ba ni da abin da zan ba shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya goge shi da bakin riga.

"Tana ciki?"

"Tana ciki, Baba."

Ya ɗaga shi wajen taga ya ƙura ido. Fuskarsa kawai ya gani.

"To, ki ci gaba da kakkaɓe mata ƙurar," ya ce. "Ba ta son datti."