Masinjan da Ya Bar Bakin Aiki

Shekara talatin da ɗaya Malam Bube ya yi yana masinja, tun Kusada tana ƙarƙashin Kankiya har ta samu tata ƙaramar hukumar, kuma bai taɓa ɓatar da fayil ko guda ba. Kowa a unguwar ya haddace wannan magana, don ko gaisuwa ka tsaya yi da shi sai ya san yadda ya cusa maka ita. Shekara biyu da yin ritaya, hannunsa na dama ya fara ƙin jin magana. Da fari birkin keke ne ya gagare shi matsewa, daga baya cokali, daga baya maɓallin riga.

Likita a birni ya duba ya ce ciwon jijiya ne, nan kuwa aka samu tangarɗa. Mu Hausawa akwai rowar suna: hanyar jini jijiya, agara jijiya, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ita ma jijiya. Yayarsa Gwaggo Rahamatu, wadda ta zo daga Kunduru kwana biyu ta zarce wata, ta riƙe ta farkon. Ta ce mataccen jini ne ya toshe hanya, ta aika Kankiya aka kira Shehu Wanzami ya kafa masa ƙaho.

'Yarsa Ilham ta iso daga jami'a ta tarar da bayan mahaifinta duk tsaga. Shekara shida ta yi tana bincike, ba a kan komai ba sai ƙwayoyin wannan jijiyar ta saƙo. Ranta ya ɓaci, ta faɗa wa Gwaggo maganar da daga baya ta ji kunyarta. Gwaggo ta bari ta gama tsaf.

"To ke da kika sani, mi kika zo mashi da shi?"

Lemo ne a jakarta, da ledar dabino. 

Bayan La'asar Malam Bube ya kira ta zaure, ya ce ta yi masa bayani da Hausa. Harshensa ya riga ya fara nauyi. Ilham ta rasa ta ina za ta faro, sai ta ɗauko ofis. Ta ce a tsakiyar kowace ƙwayar jijiya akwai ɗakin da ake ajiye ainihin kundin umarni, kuma ba a fita da shi, sai dai a kwafo shafin da ake bukata. Kwafin shi ake kira RNA. Akwai wani sinadari, furotin, da aikinsa ya riƙe kwafin nan, ya ga an datse abin da bai kamata ya fita ba, ya ga ya isa inda aka aike shi, komai nisa. A mafi yawan masu irin ciwonsa, furotin ɗin yakan fice daga ɗakin ya je waje ya dunƙule. Takardu su riƙa fita da kuskure, jijiyar ta mutu a hankali, hannu ya yi ta jiran umarni ba ya zuwa.

Ta sha yi wa furofesoshi wannan bayani, babu wanda ya saurare ta kamar tsohon nan.

"Wato masinja ya bar bakin aiki," in ji shi.

"Haka ne, Baba."

"Mu a ofis takarda ake rubuta mashi, gobe ka gan shi. Ku da kuka san sunanshi, wa ke kiran shi ya dawo?"

Ta san sunansa kuwa. Ta san nauyinsa, ta san kalar da yake bayarwa a madubin bincike. Ta kuma san abin da ke biye da hannu: harshe, haɗiya, numfashi. Ta ji tsoro, ta ji haushin kanta da duk takardun da ta tara.

"Ba a kai nan ba tukuna, Baba."

Ya jinjina kai. Bai tambayi sai yaushe ba, don ya yi aikin gwamnati, ya san abin da tukuna ke nufi. Can ya ce a bar Shehu ya dawo ran kasuwa. Ilham ta ce wallahi ƙahon ba abin da zai yi masa.

"Na sani, ɗiyata. Amma ita Yaya tana ganin wani abu na fita. Bar mata."

Ran kasuwa Shehu ya zo ya zube ƙahonninsa a kan tabarma. Ilham ta hana shi taɓa tsohuwar askarsa, ta miƙa masa sabuwar reza a cikin takardarta. Iyakar abin da karatun shekara shida ya iya yi a ranar ke nan. Gwaggo ta leƙo daga bakin ƙofa, fuskarta cike da sa rai.

Malam Bube ya kai hannu zai ɗaga rigarsa, yatsun suka zame. Ya sake kaiwa, suka sake zamewa. Ilham ta durƙusa ta ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗage rigar zuwa kafaɗarsa, ta riƙe ta a nan har Shehu ya gama.