Littafin Mitar Baba Sannu-Sannu

Takardar sabunta inshorar mota ta iso ranar Litinin. Auta ta karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, ta nemi wuri ta zauna ta sake karantawa. Kuɗin ya tashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Motar ta mahaifinta ce, amma tun da ya yi ritaya daga tuƙin motar kamfani, ita ke biya daga ɗan albashinta na malamar firamare. Yayyenta biyu maza kuwa sun yanke hukunci ta waya, yadda suka saba yanke komai daga nesa: in inshora ta yi tsada a sayar da motar, tsoho ya huta. Suka ba ta zuwa ƙarshen wata.

Su ai ba sa ganinsa da safe. Bokiti a hannu, tsumma a kafaɗa, yana shafa ƙofar motar yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Mutanen layi Baba Sannu-Sannu suke ce masa, don shekara talatin da huɗu yana riƙe da sitiyari bai taɓa goga wa kowa fenti ba. Auta ta san ranar da aka fitar da motar nan daga gidan, ranar za a fara jinyarsa.

Da aka tashi daga makaranta ta wuce ofishin inshora. Ma'aikaciyar wata dattijuwa ce mai tabarau da igiya, fanka na kaɗa mata takardu tana danne su da kofin shayi.

"Shekarunsa sun haura saba'in, wannan ba yadda na iya da shi," in ji ta. "Amma kai, wannan bawan Allah ko kuɗin fitila bai taɓa nema a wurinmu ba. Rangwamen rashin hatsari ya ci shi har ƙarshe. Bari mu duba sauran. A ina motar ke kwana?"

"A gareji, cikin gida."

"Nan an rubuta bakin titi. Tafiya fa? An sa kilomita dubu ashirin a shekara."

Auta ta dafe goshi, dariya ta kusa ƙwace mata. Baba kenan. Kowace shekara sai ya ɗauko fom ɗin bara ya kwafe shi harafi da harafi, wai takardar da ba ta taɓa ja maka rigima ba, ba a canza mata komai. Bakin titin nan na tsohon gidan haya ne, dubu ashirin ɗin kuwa tun zamanin aiki.

"Kun daɗe kuna yi mana kyauta," in ji matar. "Je ki ɗauko min hoton mitar motar, da lambar da take nunawa bara in kina da ita. In tafiyar ba ta kai dubu biyar ba, za ki fita nan kina murmushi."

Ta tarar Baba na barcin rana. Ta zare makulli daga ƙusar da yake rataye shi, ta shiga motar ta ɗauki hoton. Lambar bara ba ta yi mata wuya ba, don har yanzu bai bar ɗabi'ar kamfani ba: akwai ɗan littafi a aljihun gaban mota, kowace fita sai ya rubuta rana, da mita a tashi, da mita a dawowa.

Tana buɗewa murmushinta ya soma gushewa. Kullum da hantsi Baba kan fita, ya ce ya tafi wajen tsofaffin abokan aiki a can ɗaya gefen gari, ba ya dawowa sai rana ta yi tsaka. Amma littafin kilomita biyu yake nunawa. Jiya biyu, shekaranjiya biyu, haka shafi bayan shafi. Rubutun nan nasa mai kyau kamar na ɗab'i ya yi ta girma, yana hawa kan layi yana sauka. Ta koma baya shekara guda, inda lambobi suka daina yawa, ta ga jimla ɗaya a ƙasan shafi: "Yau ban ga mai keke ba sai da ya yi ihu. Allah ya kiyaye."

Ta sake karanta jimlar, ta rufe littafin a hankali.

"Wa ya ba ki makullina?"

Yana tsaye a ƙofar gareji, ya ɗan karkata kai yana dubanta da idon hagu. Sau nawa ta ga wannan karkatar ta ɗauka tsufa ne kawai?

"Baba, ina kake zuwa kullum?"

Ya zo ya jingina da motar.

"Bayan filin ƙwallo. Akwai inuwa. In kashe ta, in kunna rediyo, in lokaci ya yi in dawo." Ya shafa rufin. "Idon dama ne, Auta. Kamar gilashin da ba a goge ba. Hagun ma ya soma. In na faɗa, yayyenki dillali za su kira kafin su kira likita."

"Amma har yanzu kana hawa titi."

"Hanyar nan ko ido rufe na san ta."

"Hanyar ka sani, Baba. Yaran da ke tsallaka ta fa? Rabinsu 'yan ajina ne."

Ya miƙa hannu zai karɓi makullin, sai ya fasa, ya juya ya koma ciki.

Washegari ma'aikaciyar ta ga lambobin ta tafa hannu. "Ko ɗari takwas bai cika ba! Ga gareji kuma." Ta juyo da allon kwamfuta. Kuɗin ya faɗi ƙasa da rabi. Da wannan Auta za ta rufe bakin yayyenta na shekara guda, asirin Baba ya zauna a rufe, abin da ake nema a wurinta sa hannu ne kawai. Gaskiya sai da ta riƙe biro, don ita ma mutum ce, kuma albashin firamare ba ya wasa. Sannan ta ajiye.

"Hajiya, a cire sunansa daga mai tuƙi. A sa nawa."

Matar ta sauke tabarau. "Lasisinki shekara nawa?"

"Biyu. Shi ya koya min, amma a motar maƙwabci. Tasa ko hon bai taɓa bari na danna ba."

"Kin san rangwamensa ba ya bin ki? Sabuwar direba ce ke a wurinmu."

"Na sani."

Matar ta dube ta na ɗan lokaci, ba ta tambayi dalili ba. Ta jawo kujera kusa, suka yi ta gyara: gareji, tafiya kaɗan, biya a dunƙule maimakon wata-wata, Auta ta yarda ta ɗauki kaso mafi girma na kuɗin gyara in wani abu ya faru. Kuɗin ya sauko ya tsaya daidai na bara. Ba ta samu ragin sisi ba, amma yayyenta ba su da sauran hujja. Kafin ta fita matar ta buga mata tarihin Baba a takarda ɗaya, fari tas, ba hatsari ko guda. "Ki kai masa. Ba kowa ke rufe nasa haka ba."

Ranar Asabar suka shirya zuwa asibitin ido. Baba ya wanke motar kamar kullum, ya zagaya ta ɓangaren direba bisa sabo, ya tsaya, sannan ya koma ɗaya gefen. Bai taɓa zama a kujerar nan ba tun da ya sayi motar. Ya miƙa mata littafin.

"Rubuta mita kafin ki tayar."

Ta rubuta. Duk hanya ƙafarsa na taka birkin da babu, yana faɗa kan madubi, kan sigina, kan yadda take riƙe sitiyari kamar za a ƙwace mata. Ta bar shi ya yi ta yi. Sai da suka zo filin ƙwallo, ta wuce inuwar nan ba ta tsaya ba, sannan ya yi shiru. Ya sauke gilashi, iska ta shigo.

"Shekara guda ke nan ban wuce nan ba," in ji shi. Ya goge idonsa da bayan hannu. "Rage gudu, Auta. Bari in ga abin da zan iya gani."